Jiragen Fito A Kwara Da Binuwai: Wa Ke Auna Su Bayan An Yi Masu Ƙari?

Tun daga shekarar 2021 zuwa yau, da wuya damina ta wuce ba a ji labarin jirgin fito ya nutse da jama'a a kogin Kwara, ko Binuwai, ko ɗaya daga cikin manyan madatsun ruwa na Arewa ba. Labarin kuwa kusan kullum kamanninsa ɗaya ne. Rediyo ya faɗi yawan waɗanda aka tsamo, gwamna ya aika da ta'aziyya, a kafa kwamitin bincike, a ce lodi ne ya yi yawa kuma babu mai rigar ruwa, sa'an nan a yi shiru sai wani ya sake aukuwa. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi mazauna bakin kogi ne, tun daga Yawuri da Sabuwar Busa har Lakwaja, tun daga Numan da Lau har Ibi da Makurɗi, da jirgi kuma suke zuwa kasuwa da gona da biki da jana'iza. Saboda haka muka ga ya kamata mu duba wani gefe na maganar wanda ba a cika taɓawa ba, wato aikin da mai jirgi ke yi wa jirginsa da hannunsa, watanni kafin ranar hatsari.

Bari mu fara tuna wa juna abin da ya faru. Ran 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako ya tsage kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, da mutum fiye da 150 a ciki. Waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai. Hukumomin yankin sun bayyana cewa ban da mutane, jirgin na ɗauke da babura da buhunan ƙasa da aka ɗebo daga wurin haƙar zinariya. A ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekara, a madatsar Watari da ke Bagwai cikin jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya masu tafiya Mauludi. Cikin Yuni 2023, mutanen ƙasar Patigi masu dawowa daga biki a Egboti ta jihar Neja suka shiga jirgi da tsakar dare, su da baburansu, domin ruwan sama ya shafe hanyar da suka bi da zuwa. Jirgin ya bugi itace a cikin ruwa ya rabe, fiye da mutum 100 suka tafi. Cikin Oktoba na wannan shekara sai na Binuwai, a jihar Taraba, 'yan kasuwa ne masu komawa ƙasar Karim Lamido. Ran 1 ga Oktoba 2024, da dare, jirgi mai ɗauke da kimanin mutum 300 ya kife kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa. Kafin watanni biyu su cika, masu zuwa kasuwar Katcha daga jihar Kogi su ma suka nutse. A 2025 aka ji na masu zuwa kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato cikin Agusta, da na ƙasar Borgu a farkon Satumba, inda masu tafiya ta'aziyya suka ci karo da kututture a ƙarƙashin ruwa.

Wanda ya duba wannan jeri zai lura da abu guda. Kasuwa, biki, ta'aziyya, taron addini: duk ranaku ne da jama'a ke taruwa a bakin ruwa gaba ɗaya, kowa na so ya tafi yanzu, jirgi kuwa ɗaya ne ko biyu. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba.

To, a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ƙananan jirage masu inji da yawa ƙwarai, amma tasu hidimar ta shaƙatawa ce. Ma'aikacin ofis ko malamin makaranta yakan sayi jirgi na mutum huɗu ko shida, ya ajiye shi bisa tirela a bayan gida. Ranar Asabar ya ja shi da mota zuwa tafki, ya wuni da iyalinsa ana kamun kifi ana shan iska, da yamma ya dawo. Cikin mako kuwa shi ne kafintan kansa da makaniken kansa. Ya canja kujeru, ya sa fitilu, ya ɗaura rumfa, ya haɗa famfon kwashe ruwa mai aiki da batir, ya sa na'urar da ke nuna zurfin ruwa. A Amurka kaɗai jiragen shaƙatawa masu rajista sun haura miliyan 11. Ko a nan gida akwai irinsu a Legas, inda masu hali ke tashi daga Ikoyi a ƙarshen mako su nufi Tarkwa Bay ko Ilashe. Su ma suna mutuwa a ruwa. Hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta lissafta mutum 564 da suka rasu a irin waɗannan jirage a 2023, kashi uku cikin huɗu nutsewa suka yi, cikin waɗanda suka nutse ɗin kuma kimanin 87 cikin 100 ba su sa rigar ruwa ba.

Abin da ya sa muka kawo zancensu shi ne wani ɗan allo. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta tilasta wa duk kamfanin da ya ƙera jirgi mai inji wanda bai kai ƙafa 20 ba ya manna masa allo a inda matuƙi zai gani, mai nuna yawan mutanen da zai ɗauka, da nauyin kaya, da iyakar ƙarfin injin da za a ɗaura masa. Dokar ta kuma ce a cusa wani abu mai kama da soso mai tauri a jikin jirgin, domin ko ya cika da ruwa kada ya nutse ƙasa. Daga Afrilu 2021 aka ƙara cewa matuƙin jirgin da bai kai ƙafa 26 ba, in yana gudu, sai ya ɗaura igiyar kashe inji a jikinsa, yadda in ya faɗa ruwa inji zai mutu nan take. Wato mai jirgin can yana iya yin duk gyare-gyaren da ransa ke so, amma akwai lambar da aka rubuta masa, ya san in ya wuce ta da saninsa ya wuce.

Mai jirginmu na Malale ko Muregi ko Ibi shi ma yana gyara jirginsa da kansa, hannunsa ma ya fi na wancan iya aiki, gama shi abincinsa ke nan. Abin da ba shi da shi shi ne lambar.

A dā jirgin kogi daga gungumen itace ɗaya ake sassaƙa shi, girman itacen shi ne girman jirgin. Da manyan itatuwa suka yi wuya sai aka koma haɗa katakai da ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a tsakaninsu, a shafe da kwalta, a bi da fallen kwano inda ya tsage. Sa'an nan inji ya zo, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, yawanci Yamaha, mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40 ko 75, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Dole mu yaba wa makanikan bakin ruwa. Injin da ya shekara 20 yana aiki, su ne ke wanke masa kafireta, su canja fulogi, su daddaƙe farfelar da ta lanƙwashe ta miƙe, su ciro kayan wani mataccen inji su tayar da wani. Ba don su ba, da ƙauyuka da yawa na bakin kogi sun yanke daga duniya rabin shekara. Ba mu da niyyar ɗora wa waɗannan mutane laifin da ba nasu ba. Amma jirgin katako yana karɓar ƙari, kuma a nan ne matsala take shigowa.

Ƙarin da aka fi yi shi ne ɗaga bakin jirgi. Mai jirgi ya ga in ya cika lodi ruwa na kusan taɓa baki, sai ya sayo katako ɗaya ko biyu ya buga a kowane gefe. Da ido jirgi ya ƙara zurfi, ana iya ƙara buhu 20 ko mutum 30 ruwa bai shiga ba. Ga lissafin da ya kamata kowane fasinja ya riƙe. A ce shimfiɗar jirgi a kan ruwa ta kai mita 15 a tsawo da mita 2 a faɗi. Kowane tan ɗaya da aka ɗora masa, wato buhu 10 na hatsi masu kilo 100, zai nutsar da shi santimita 3 ne kawai da 'yan kai, kimanin faɗin yatsu biyu. Mutum 30 manya ba su kai tan biyu ba, saboda haka in sun shiga jirgin zai sauka kamar faɗin yatsu huɗu. Shi ya sa lodi ba ya ba mutane tsoro. Mai tsaye a gaɓa ya duba ya ga har yanzu da sauran baki, ya ce ai jirgi bai cika ba, ya shiga shi da babur ɗinsa, babur ɗin kuwa shi kaɗai ya kai nauyin mutum biyu.

Amma katakon da aka ƙara a sama bai ƙara wa na ƙasa ƙarfi ba. Ƙasan jirgin, da haƙarƙarinsa, da ƙusoshin da suka yi shekaru suna cin tsatsa, su ne dai na dā, an kuwa ninka masu aiki. A kan ruwa mai kwanciya suna iya jurewa. Ranar da iska ta taso, igiyar ruwa ta ɗaga goshin jirgi da bayansa ta bar tsakiya da nauyi, ko kuwa aka bugi wani abu, sai haɗin ya buɗe. A lura, a Warra da Patigi ba cewa aka yi jirgi ya jirkice kawai ba, cewa aka yi ya tsage. Haka kuma zancen yake ga waɗanda ke yanka jirgi su ƙara masa tsawo: inda aka yi haɗin nan ne mafi rauni, nan ne kuma ake jibge kaya mafi nauyi.

Rumfa ita ma ana yinta da kyakkyawar niyya, domin rana da ruwan sama. Muddin ta leda ce ko tamfol bisa 'yan sanduna, ba laifi. Sa'ad da aka yi ta da katako mai ƙarfi, sai ta zama bene: a ɗora buhuna, a ɗora kwanduna, samari su hau su zauna. Duk nauyin da ya hau sama yana rage wa jirgi ikon komawa daidai in ya karkata. Ranar hatsari kuma rumfar ce ke rufe mata da yara da ke zaune a ƙarƙashinta, su rasa ta inda za su fita.

Akwai kuma ruwan da ke kwance a cikin jirgi, wanda kowa ya saba gani har ba a ɗauke shi bakin kome ba, yaron jirgi na kwasa da yankakkiyar jarka ana tafiya. A jirgin da muka yi misali da shi, ruwa mai zurfin santimita 10, wanda da ƙyar ya rufe idon sawu, ya kai tan uku, nauyin buhu 30. Ya ma fi buhu haɗari, gama buhu yana zaune inda aka ajiye shi, ruwa kuwa da jirgi ya ɗan karkata sai ya kwarara gaba ɗaya zuwa gefen da ya yi ƙasa. Fasinjoji su tsorata su ruga ɗaya gefen, ruwan ya biyo su. Kaɗawa biyu ko uku ta isa.

Sai babban inji. Kowane mai jirgi burinsa ya bar doki 40 ya koma 75, ko ya jera biyu. Inji mai doki 40 nauyinsa ya haura kilo 70, mai 75 kuwa ya haura kilo 100, duk a rataye a katako ɗaya na baya wanda girgiza ke sassauta ƙusoshinsa kullum. Ribar kuma ba ta kai yadda ake zato ba. Jirgi mai nauyi ture ruwa yake yi, ba ya tashi bisa fuskarsa kamar ƙananan jiragen gudu, saboda haka in an ninka ƙarfin inji gudun da ake ƙaruwa da shi kaɗan ne, man da ake ƙonawa kuwa mai yawa. Ɗan gudun da aka samu ma yana da nasa farashi, domin ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Kututturen da a dā zai kankare katako ya wuce, yanzu sai ya fasa shi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Kututturan kuwa suna nan da yawa, kuma akwai dalili. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shafe ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,300, har da tsohon garin Busa, aka tashi mutum wajen 44,000. Ba a sare dukan itatuwan da ke wurin ba kafin ruwa ya hau. Madatsun Jebba da Shiroro da suka biyo baya su ma sun rufe dazuzzuka. Ruwan Kainji yana hawa da sauka da mitoci da dama kowace shekara, gama kogin na kawo cika biyu, farin ruwa na daminarmu da baƙin ruwa wanda ke isowa daga ƙasar Gini da sanyin hunturu. Kututturen da matuƙi ya gani tsaye ya kauce masa a wannan wata, bayan makonni kaɗan yana ƙarƙashin ruwa da taƙi ɗaya. Tsofaffin matuƙa sun haddace wurarensu da rana. Da dare, da tocila a hannun yaro, ba wanda ya haddace kome.

Me ya sa mai jirgi ke yin duk wannan ƙari, alhali shi ma da 'ya'yansa a ciki suke? Amsar tana gidan mai. Inji mai doki 40 in an buɗe masa wuta yana iya shan lita 15 zuwa 20 a awa guda. Kafin ran 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa, a ƙauyen bakin ruwa kuwa, inda a jarka ake saye, ta fi haka. Baƙin mai da kayan gyara da ake shigowa da su sun bi faɗuwar Naira. Man da jirgi zai ƙona daga wannan gaɓa zuwa waccan kusan ɗaya ne, ko da mutum 50 ko da 100. Fasinja kuwa manomi ne da mai tallan kifi, ba za su iya biyan ninki biyar ba. Abin da ya rage wa mai jirgi shi ne ya ƙara kawuna. Ga kuma waɗanda rashin hanya ya turo ruwa: a wasu sassan jihar Neja tsoron 'yan bindiga ya sa mutane sun fi amincewa da kogi, a Taraba kuma da gadar Namnai ta karye a daminar 2024, matafiya tsakanin Jalingo da Wukari fito suka koma. Inda aka yi gada, kamar ta Loko zuwa Oweto da aka buɗe a 2023, cunkoson mashigi yakan ragu da kansa ba tare da an kama kowa ba.

Ba za mu ce gwamnati ba ta yi kome ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa da doka ta 13 ta 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta ce ba rigar ruwa ba shiga jirgi, ta sa jami'ai a wasu mashigai. A 2023 aka kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin ruwa, aka kuma fitar da sabbin ƙa'idodin sufurin ruwa. Cikin Janairu 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta shafi jihar Legas, ta tabbatar cewa ikon kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, wato an san ƙofar da za a buga. A 2025 minista Adegboyega Oyetola ya ƙaddamar da rabon rigunan ruwa 42,000 ga jihohi 12, aka fara da Minna. Hukumar HYPPADEC ta yankunan madatsun lantarki ita ma ta raba riguna, ta kuma yi aikin cire itatuwa daga hanyoyin jirage. Duk wannan abin godiya ne. Amma a raba 42,000 gida 12, kowace jiha ta tashi da 3,500, abin da zai ishi jirage 12 kacal irin na Gbajibo. Rigar kuma tana lalacewa in an bar ta a rana ko an mai da ita matashin zama, ba ta shiga jikin mace mai goyo, kuma ta babba ba ta riƙe yaro, zamewa yake yi ta ƙasa.

Shawarar da aka fi ji daga Abuja ita ce a daina amfani da jiragen katako a koma na faiba da na ƙarfe. A ganinmu wannan magana ce ta shekaru masu zuwa. Jiragen katako dubbai ne, su ne kafintan ƙauye ya iya ƙerawa ya iya gyarawa, kuɗin na faiba kuwa ya fi ƙarfin mai jirgi ɗaya. In an hana su da ƙarfi ba a kawo madadi ba, tafiyar dare za su koma domin gudun jami'ai, abin da ake gudu ya ƙaru. Jirgin faiba ma in an cika shi fiye da kima kifewa yake yi. Ita ma dokar hana tafiyar dare tana karo da lokacin tashin kasuwa: in ciniki bai ƙare ba sai la'asar sakaliya, lodi ya ci awa biyu, to duhu ne zai raka jirgi gida, sai fa in sarkin kasuwa da sarkin ruwa sun zauna sun tsai da lokacin da jirgin ƙarshe zai tashi.

Abin da muke ganin ya fi kusa da hannu shi ne a ba jirgin katako lambarsa. Ba aiki ne mai wuya ba. Jami'in NIWA, da sarkin ruwa, da shugaban ƙungiyar masu jirage, da kafintan da ya san katako, su duba kowane jirgi sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya cika, su ja layi da jan fenti a jikinsa, su rubuta yawan mutane da manyan lambobi a goshi, inda ko wanda bai yi makaranta ba zai gane. Layin kuma a auna shi bisa ainihin jikin jirgin, ban da katakon ƙari. Duk wanda ya ƙara tsawo, ko rumfa, ko inji, a sake aunawa. Manyan jiragen teku da irin wannan layi suke yawo tun ƙarni na 19, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll, kuma dalilin da ya sa aka yi shi a can shi ne dalilin da muke da shi a nan, masu jirage suna lodi fiye da kima domin riba. Amfanin layi shi ne yana fid da gardama daga bakin matuƙi ya sa ta a idon kowa. Tsohuwa mai kwandon kifi tana iya nunawa da yatsa ta ce ruwa ya rufe ja, ba za ta shiga ba.

Akwai kuma gyare-gyaren da mai jirgi zai iya yi da hannun nan nasa, masu arha, waɗanda ba sa kawo ko fasinja ɗaya, shi ya sa ba a damu da su ba. Jarka mai lita 20 da aka rufe bakinta sosai tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 19 a cikin ruwa, mutum kuwa in yana cikin ruwa kilo kaɗan yake bukata kansa ya tsaya a sama. Jarkoki 20 ko 30 da aka jera a gefen jirgi da igiyar kamawa, waɗanda za su saku da sauƙi, ba su maye gurbin riga ba, amma sun fi hannu wofi nesa. Fitila mai batir a goshin jirgi, anka da doguwar igiya, filafilai da gora, fulogi da ƙusar farfela na ajiya: a Ogbaru ta jihar Anambra, lokacin ambaliyar Oktoba 2022, inji ne ya mutu, ruwa ya kwashi jirgin ya haɗa shi da gada, fadar shugaban ƙasa ta ba da adadin mutum 76. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar kogi mai gudu, in ba shi da abin da zai tsai da shi, na ruwa ne.

'Yan'uwa, ikilisiyoyin bakin kogi suna cikin manyan masu ɗaukar shatar jirgi: taron zumuntar mata, taron matasa, ɗaurin aure ranar Asabar, kai gawa gida, ziyarar Kirsimeti da Ista. Mai shata yana da ikon da fasinja ɗaya ba shi da shi, gama shi ke biyan jirgin gaba ɗaya. Dattijon da aka aika ciniki yana iya zuwa da rana kwana biyu kafin tafiya, ya shiga jirgin ya ga yawan ruwan da ke kwance a ciki, ya taɓa haɗin katakai, ya ƙirga riguna har da na yara, ya rubuta sunayen masu tafiya a bar takardar a gida, ya kuma yanke cewa in an tashi taro bayan ƙarfe huɗu kwana za a yi. A yawancin haɗarurrukan da muka lissafta, hukuma ta kasa faɗin ainihin yawan waɗanda suka ɓace, domin ba wanda ya rubuta waɗanda suka shiga.

Sai dai duk wannan yana da kuɗi, kuma gara a faɗe shi a fili. In jirgin da ya saba ɗaukar mutum 150 ya koma 80, man da zai sha bai ragu da rabi ba. Ko dai kuɗin fito ya ƙaru kusan ninki, ko mai jirgi ya yi sawu biyu wani ya biya man sawu na biyun, ko ƙaramar hukuma ta sa nata jirgi a ranakun kasuwa. Ga ikilisiya, ma'anarsa ita ce a kasafin taro a rubuta jirgi biyu inda aka saba rubuta ɗaya, ko a rage yawan wakilai. Ga masu jirage da hukuma kuwa, lokacin aunawa da jan layi da kafa alama a kan kututture shi ne tsakiyar shekara, sa'ad da ruwan Kainji ya ja baya itatuwan suka fito fili, kafin farin ruwa ya iso ya sake rufe su.